Ajiyar Manomi na Sha Bakwai

A duk arewacin Zamfara, daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi har a zagayo Zurmi, babu wanda ya yi wa ilimin jami'a hidima kamar Malam Jatau na Tungar Marke. Ya fito a takardun bincike tara, an ambace shi a taruka uku, ɗaya ma a ƙasar waje, kuma mutum biyu sun zama farfesa a kansa. Sai dai bai taɓa karanta ko ɗaya daga cikin takardun ba, domin boko bai bi ta tungarsu ba. A cikin takardun ma ba a kiransa Jatau. Sunansa a can Manomi na Sha Bakwai.

An haife shi a Tungar Marke, gidaje ashirin da 'yan kai a bayan Badarawa. Ubansa ya bar masa gona biyu da jaki. Uwarsa Kulsumu ta bar masa iri. Wani gero ne da ta zo da shi daga wajen Jangeru a ƙullin zanenta, gajere, bai wuce ƙirjin mutum ba, yana nuna a kwana sittin da biyar, tun sauran gero bai gama fid da kai ba. Mutanen tunga suka sa masa suna Gajeren Kulsumu, suka kuma raina shi, don karansa bai isa a yi danga da shi ba. Duk shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, su ne ke zuwa ƙofar gidanta da ƙwarya. Lokacin girbi takan zaɓi zangarniya mafi cika ta rataye a madafa inda hayaƙi zai riƙa bugunta. Da ta rasu Jatau ya ci gaba da ratayewa, shekara talatin, bai tsallake ko ɗaya ba.

Jami'a ta fara sanin Jatau ne wata kaka da farar mota ta tsaya a bakin gonarsa. Wani matashi mai tabarau ya fito, ya ce sunansa Dokta Armiya'u, daga sashen nazarin noma. Jatau ya ɗauka likita ne, har ya fara nuna masa gwiwarsa. Dokta ya yi dariya ya tsuguna gaban geron, ya auna kara, ya auna zangarniya, ya ɗauki hoto.

"Baba, irin wannan ɓacewa yake yi. Muna da bankin iri a jami'a. Ka ba mu kaɗan mu ajiye."

"Banki? Irin wanda aka sa abu a dawo a ɗauka?"

"Kusan haka ne, Baba. Ɗaki ne mai sanyi. Ko shekara hamsin zai yi ba abin da zai same shi."

Jatau ya shiga gida ya sauko da zangarniya goma sha biyu daga cikin na hayaƙi, waɗanda ko maƙwabci ba ya ba. Dokta ya fito da wata takarda ya sa ya dangwala yatsa, ya yage rabi ya ba shi. Jatau ya naɗe rabin a leda ya cusa a jakar fata da yake ajiye layar uwarsa. Matarsa Hussaina ta ce ya bayar da iri ga mutumin da ko sunan ubansa bai sani ba. Ya ce ba bayarwa ya yi ba, ajiya ce, ga shaida.

Bayan shekara huɗu, wata Laraba da hantsi, 'yan bindiga suka shiga Tungar Marke a kan babura. Suka kore shanu, suka cinna wa rumbuna wuta, suka cinna wa madafai. Jatau ya fita da Hussaina da jakar fata da rigar da ke jikinsa. Suka kwana biyu a Shinkafi, suka wuce Kaura, inda wani ɗan'uwa ya ba su ɗaki a bayan gida. Jatau ya koma ɗinkin buhu a Kasuwar Daji. Yana ɗinke bakin hatsin wasu, ana loda shi a mota, yana kallo.

A nan ne hidimarsa ga ilimi ta bunƙasa. Sashen nazarin zamantakewa ya same shi, ya tambaye shi yadda yake ji da ya rasa komai, aka ba shi zaɓi biyar, daga "ba daɗi ƙwarai" zuwa "ba laifi". Ya zaɓi "ba laifi", don bai ga dalilin ɓata wa baƙo rai ba, kuma wannan amsa ta shiga wata takarda a kan juriyar manoma. Sashen Hausa ya naɗi muryarsa yana cewa "munka tahi" sau goma sha ɗaya. Ba wanda ya tambaye shi inda suka tafi. Masu nazarin taswira suka nuna masa gonarsa daga sama a cikin kwamfuta, an shafa mata jan launi, suka ce masa ma'anarsa ba a noma ta. Ya ce haka ne. Wata ɗaliba daga sashen lafiya ta auna jininsa ta ce ya hau, ya rage tunani. Duk wanda ya zo Jatau yakan tambaye shi lafiyar hatsinsa da ke bankinsu, su kuma su ce wannan ba sashensu ba ne, amma za su isar da gaisuwa.

A shekara ta biyar da hijira wata Hajiya mai sayen buhuna a hannunsa ta ba shi aron fili a bakin hanya, wajen gari. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba nata ba ne: saboda 'yan bindiga hukuma ta hana shuka duk abin da zai yi tsayin da mutum zai ɓuya a ciki. Ba dawa, ba masara, ba dogon gero. Maƙwabtan filin duk wake da gyaɗa suka shirya. Jatau ya tsaya a tsakiyar filin ya ɗora hannu a ƙirjinsa, daidai inda Gajeren Kulsumu ke tsayawa. Ya tambayi duk wanda ya sani daga tungarsu ko akwai mai sauran irin. Na kowa ya ƙone rana ɗaya da nasa.

A makon ne ya ji a rediyon mai shayi ana karanta nasarorin jami'ar na bana, sashe bayan sashe. Da aka zo kan noma, mai karatu ya ce Farfesa Armiya'u ya sami lambar yabo saboda ceto wani gajeren gero na ƙasar Shinkafi daga ɓacewa, kuma irin yana nan a adane a bankin jami'a. Jatau ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba. Ruwan farko ya riga ya sauka.

Washegari da sassafe ya shiga mota, jakar fata a rataye a cikin riga. Azahar ta yi kafin ya sami sashen noma. Aka ce Farfesa ya tafi taro a ƙasar waje, inda zai yi jawabi a kan geron. Aka tura shi wurin Malam Sabo, mai kula da ɗakin gwaji, wani mutum mai furfura da ke cin gyaɗa a bakin ƙofa don ɗakin ya yi zafi.

Jatau ya gaishe shi, ya warware leda, ya miƙa takarda da hannu biyu.

"Malam, ajiyata na taho ɗauka. Ba duka ba. Rabi ya ishe ni, ku riƙe rabi."

Sabo ya karanta takardar, ya juya bayanta, ya sake karantawa.

"Baba, wa ya ce maka wannan takardar ajiya ce?"

"Shi mai tabarau. Banki anka ce."

"Wannan takardar amincewa ce. Cewa ta yi ka yarda a yi bincike da kai, kuma ba ka neman komai."

"To mi ad amfanin bankin da ba a ɗauka?"

Sabo ya ɓare gyaɗa ɗaya. "Shekarata ashirin da shida a nan, Baba, kai ne na farko da ya zo ɗauka. Ba mu da fom ɗinsa ma."

Ya tashi ya ɗauko makulli. Ɗakin sanyi yana ƙarshen baranda, da allo a ƙofarsa mai ɗauke da sunan waɗanda suka buɗe shi. Da Sabo ya tura ƙofar, zafi ya fito ya tarbe su. Firji huɗu ne a jere, farare, kowanne da lamba. A kan na biyu wata kaza da ke shigowa ta taga ta yi ƙwai.

"Ina sanyin?" in ji Jatau.

"Yana zuwa in an kawo wuta. Janareta ya tsaya shekara shida da suka wuce. Mun rubuta."

"Kunka rubuta wa wa?"

"Sama. Sun amsa ma. Sun kafa kwamiti."

Sabo ya buɗe firji na uku ya yi ta lalube cikin tarin ambulan ɗin iri, har ya ciro ɗaya mai lamba sha bakwai. An sussuke zangarniyar, an yi gwaji da mafi yawanta, abin da ya rage bai cika tafin hannu biyu ba. Jatau ya zuba kaɗan a hannunsa. Ƙwayoyin suna nan yadda ya san su, ƙanana, masu ruwan toka. Ya kai hanci. Babu ƙamshin hayaƙi, sai warin roba. Ya tauna ɗaya, ta narke a bakinsa kamar ƙasa.

"Shina da rai?" ya tambaya.

"A takarda yana da rai, Baba. Tafi da shi duka. In an tambaya zan ce ɓera ne."

Ya kuma ba shi mujallar jami'a ta bana, mai sheƙi, da hoton Gajeren Kulsumu a bango. Ya buɗe masa shafin da aka gode wa manoman yankin baki ɗaya, ya ce yana cikinsu. Jatau ya yi godiya, ya tambaya ko ya bar takardarsa tunda ya ɗauki ajiya. Sabo ya ce ya riƙe ta, har yanzu tana aiki.

Da ya koma gida, Hussaina ta ga hoton ta gane gonarsu, har da marken da ke kusurwar gabas. Ta kifa mujallar a kan tulu ta rufe bakinsa da ita.

Ruwa na biyu ya sauka ranar Juma'a. Asabar da safe ya fita da sungumi, Hussaina na biye tana zuba iri, ƙwaya huɗu-huɗu, don kada ya ƙare kafin ƙarshen kunya. Masu wake suka tsaya suna kallo. Wani ya ce, "Baba Jatau, hatsi a bakin hanya? Za a sare maka shi." Ya ce wannan ba ya tsayi, su jira su gani, na jami'a ne.

A shafi na goma sha huɗu na mujallar, cikin nasarorin sashen noma, an rubuta cewa a kowace ƙwaya ɗari ta wannan gero, casa'in da shida suna tsirowa. Jatau ya shuka rami ɗari biyu da goma. Waken maƙwabta ya fito a kwana na huɗu. Shi ya jira kwana goma sha biyu, ruwa ya sauka sau uku a tsakani. Ko ɗaya bai tsiro ba.