Muryar Ƙasa ta Ticha Kwaku

A unguwar Gumbihini ta Tamale kowa ya san Ticha Kwaku da gunaguni. Da hantsi yakan zauna a bakin ƙofarsa yana "hum, hum, hum", masu babur su wuce suna dariya. Alhali ba gunaguni yake yi ba, rabin waƙa ce.

Daga kudu aka turo shi Tamale koyar da waƙa a makaranta, ya zo da matarsa Ekua. A garinsu da murya biyu ake waƙa: ɗaya a sama tana ɗauke da karin, ɗaya a ƙasa tana tallafe da ita. Akwai wata waƙa da Ekua take yi in tana wanki, shi kuma ya shiga ta ƙasa. Bayan rasuwarta ya tarar nasa ɓangaren kaɗai ya riƙe. Nata kuwa, da ya kamo sai ya kuɓuce.

Wata safiya ya jiyo karin Ekua daga bayan katanga. Maƙwabciyarsa ce, Mma Azeta mai koko, tana tace gasara. Yawan jin waƙar ne ya sa ta zauna mata a baki.

Ya zagaya da sauri. "Mma Azeta, don Allah sake yi. Ni zan shiga ta ƙasa."

Ta fara, ya shiga. Kafin ƙarshen baiti ta sauko ta same shi, suka koma murya ɗaya.

"A'a! Kada ki bi ni. Tsaya wurinki."

"Ticha, ai kai ka kauce, na zo in taimake ka."

"Ban kauce ba. Haka ake yi."

"Mu nan in mutum biyu na waƙa, bakinsu ɗaya ne. Kana gabas ina yamma, faɗa muke yi?"

"To toshe kunne ɗaya."

Ta yi dariya, ta sa yatsa mai gasara a kunne. Wannan karon ta tsaya a sama. Muryoyin suka hau juna, suka zauna daram. Ticha ya rufe ido.

"Mai koko!" wani ya kira daga titi.

Ta ɗauki ludayi ta fita.

Ya koma bakin ƙofarsa ya gwada karin Ekua shi kaɗai. Baitin farko ya zo. Shi ya yi ta maimaitawa har rana ta iso kujerarsa, muryarsa tana rawa don saman ba wurinta ba ne. Bai yarda ya sauko ba.