Sandunan da na kafa a bakin tafki

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Haruna, kuma abin da nake so a ce ban yi ba a zamansa shi ne sandunan da na kafa a bakin tafkin garinmu, gabas da Bande.

In ruwa ya ja baya da bazara, tafkin yakan bar fili na yashi da busasshiyar laka. Nan tsuntsun da ake kira zakaran ƙeƙuwa yake ƙwai, a ƙasa kawai, ba sheƙa, ba inuwa, ƙwan kuma launin ƙasar. Mutum zai taka bai sani ba. Ba wanda ya sa Yaya gadinsu. In ya gama ban ruwa a lambunsa sai ya zauna gindin gawo, yana karkatar da shanu da amalanken ɗiban ruwa zuwa mashayar yamma. Bai taɓa nuna wa kowa inda ƙwan suke ba. Cewa yake kawai a bi ta can.

Ni na ga wahalar ta yi masa yawa. Wata shekara da ya tafi Magariya jinyar ƙafa, na sari sanduna, na kafa ɗaya kusa da kowane gurbi, na ɗaura tsumma don masu amalanke su hango. Sun hango kuwa, sun kauce. Hankaki ma sun hango. Sandunan suka zama musu wurin sauka, suna jira uwa ta tashi su faɗa wa ƙwan. Kafin Yaya ya dawo sai ɓawo ya rage.

Bai yi mini faɗa ba. Ya dubi tsummokaran, ya ce: "Sale, ita da ta ɓoye abinta, ba ta fi mu sanin maƙiyinta ba?" Sai ya shiga tuge su da ƙafarsa mai ciwo. Na tsaya ina kallo, kunya ta hana ni kama masa. Wannan tsayuwar ta fi sandunan damuna.

Yau lambuna sun cinye gefen arewa, filin ya koma rabi. 'Yan kabu-kabu, masu haya da babur, nan suke wankin moto. Ban san me Yaya zai ce ba da ya ga haka, amma na san ba zai koma gida ba. Don haka tun da ya rasu ni ke zama gindin gawon. 'Yan kabu-kabun suna kirana Sarkin Ƙeƙuwa, suna tambaya ko talakawana sun kawo gaisuwa. Nakan ce sun kawo, kuma sun ce a wanke moto ta yamma. Galibi sukan yi dariya su juya.

A bana, Isa, shugabansu, ya zo mini da kyakkyawar niyya: za su kafa tutoci a kowane gurbi don in huta. Na zaunar da shi na ba shi labarin hankaki. Sai ya ce to su za su riƙa gaya wa junansu hanya da baki.

Yaya bai bar gona mai yawa ba. Abin da ya bari shi ne 'yan tsakin da na gani makon jiya suna gudu bayan uwarsu zuwa ruwa. Muddin ƙafata na kai ni, ina nan.

Roƙona ga mai karatu: in tsuntsun nan ya taso yana ihu bisa kanka, kada ka nemi gurbin, kada ka sa masa alama kamar yadda na yi. Ka dubi ƙasa, ka koma ta sawun da ka zo.