Zangarniyar Dawar Kakata

Kwanan baya na ga akuya tana cin zangarniyar jar dawa a bakin kasuwa, sai gabana ya faɗi kamar an kama ni da laifi. Za ka ce mene ne abin tsoro a akuya da dawa. Bari in gaya maka.

A unguwar Bolori ta Maiduguri na tashi, a gidan haya, ni da iyayena da kakata ta wajen uwa. Mu Kiristoci ne daga kudancin Borno. Da kakata za ta baro ƙauye bayan rasuwar mijinta, abin da ta ƙullo a bakin zane shi ne irin dawar gonarsa. Kowace damina takan shuka 'yan ramuka a bayan ɗakinmu. In lokacin girbi ya yi, sai ta zaɓi zangarniya mafi kyau ta rataye a saman ƙofarta, sauran kuma a yi mana kunu. Ranar Kirsimeti takan kai ta coci a yi addu'a a kai, ta dawo da ita. Wannan ce irin baɗi.

Ina shekara tara kawuna ya dawo daga makaranta da wani ɗan littafi da kuma sabuwar fuska mara dariya. Da ma shi in ya koyi abu yau, gobe sai kowa ya ji a jikinsa. Ya zauna a tabarma ya ce Kirsimeti ba ranar haihuwar Yesu ba ce, bikin masu bautar rana ne aka sauya wa suna. Babana ya ce shi ma ya ji masu ilimi suna musun wannan magana, kuma ba a gama ta ba. Kawu bai saurara ba. Ya nuna ƙofar kakata da baki.

"Wannan kuma tsafi ne tsagwaronsa. Haka ubanta yake kai wa dutse sabuwar dawa. Mai yin wannan, wuta ce makomarsa."

Manya suka ci gaba da gardama har abinci ya huce. Ni kuwa kalmar wuta ce ta zauna mini a ciki. Na taɓa ƙonewa da garwashi a tafin ƙafa, na san yadda take. In na ga kakata tana hura murhu, hasken yana haska fuskarta, sai in ruga bayan ɗaki in yi kuka. A kan cinyarta nake barci. Na kasa cin abinci, har uwata ta zaci zazzaɓi ne.

Ana jibi Kirsimeti, da rana tsaka, kowa ya tafi cefane. Na kifa turmi na hau, na ciro zangarniyar. Na kai wa akuyar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Babarbariya, na tsaya har ta cinye tas. A raina na ceto kakata.

Da ta dawo ta ga igiya kawai tana lilo, ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa, ba ko tabarma. Ganin haka, na durƙusa na faɗi komai.

Ta dube ni ta ce, "Jikata, gaskiya ne ubana ya kai wa dutse. Ni kuma na kai wa Wanda ya yi dutsen. Me ya hana ki tambaye ni?"

Ranar Kirsimeti ta tafi coci hannu wofi. Ta ce in an je gida za a samo wani irin, amma ƙafarta ba ta ƙara taka ƙauyen ba. Daga baya tashin hankali ya watsa mutanen garin, gonakin suka koma daji.

Yanzu duk Disamba wannan gardama takan dawo ta waya, wani ya turo cewa bikin arna ne, wani ya turo cewa ƙarya ne. Ni har yau ban san wa ya fi gaskiya ba. Bara 'yata ta kawo mini wayar, idonta cike da irin tsoron da na sani. Na zaunar da ita na ce ta tambaye ni duk abin da take so. Tambayarta ta farko ita ce yadda kakata take yin nata bikin. Na ba ta labarin jar dawar, ta ce in nuna mata. Na zaga kasuwannin Maiduguri ban sami irinta ba.