Zoɓon Kaka da Jarrabawar Yayata

Duk ranar da na ɗora zoɓo a wuta, ƙamshin nan mai tsami-tsami sai ya mayar da ni gidanmu na wajen Zango, shekarun da aka fara shari'ar Musulunci. Ni dai karatuna a firamare ya tsaya, amma Allah ya ba ni kunne. Abin da yayata ta haddace a tsakar gida, ni ma yana kaina har yau.

Ita tana sakandaren gwamnati a Daura, ajin kimiyya, burinta aikin jinya. Malaminsu mutum ne mai ƙoƙari, har Asabar yana zuwa. Sai dai kayan gwaji babu. Kwalabe da bututu duk a allo yake zana musu, ya nuna da alli ya ce, "A nan launi zai canja." Su rubuta. Har ta kai ajin ƙarshe idonta bai taɓa ganin launin ya canja ba.

Da bazara yayata ta zo gida, jarrabawar gwaji saura kwanaki. In ta faɗi, makarantar jinya ta wuce ta. Ta zauna gindin darbejiya tana share hawaye.

Kakarmu tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "Ke 'yar boko, wa ya mutu?"

Yayata ta yi mata bayani: ruwa mai tsami, ruwa mai kashe tsami, da launin da ke nuna sun daidaita.

"Au, wannan ne ilimin? Tashi ki ɗauko min kanwa."

Kaka ta tace zoɓo a farin kwano, ja wur. Ta jiƙa kanwa, ta miƙa wa yayata tsinke ta ce ta riƙa ɗigawa. Ɗigo, ɗigo, sai ga ja ya juye ya yi duhu. Aka matsa lemon tsami, ja ya dawo. Wallahi ihu muka yi.

"Ba ihu ba," in ji Kaka. "Hannunki rawa yake. Da kin ga ya fara juyawa, ki tsaya. Sake."

Ta yi ta sakewa har zoɓon gidan ya ƙare, Inna ta yi ta faɗa.

Ranar jarrabawa aka kawo kaya, ranar ta fara taɓa bututun gaske. Ta ce hannunta bai yi rawa ba. Yau ita ke karɓar haihuwa a asibiti.

Yanzu 'yata ce ke ajin kimiyya. An gina musu ɗakin gwaji, ya sha fenti, amma kwaɗo ne a ƙofar, malami yana nan yana zane. Ni da ko biki sai an ja ni, sau biyu ina zura hijabi zuwa taron iyaye, kuma zan koma har sai an buɗe ƙofar nan. Kafin nan, na jiƙa kanwa, zoɓo yana wuta. Bari ta dawo.