Akushin Shawulu Mai Sanda

Aikin Shawulu a bakin iyakar Jibiya ba shi da wuyar bayani: ya ɗaga, ya sauke. Wata doguwar azara ce aka gitta a kan hanyar Maraɗi, aka ɗaure mata dutse a gindi. In akawun kwastan ya gama duba takardun mota ya yi masa alama, sai ya danna gindin, mota ta wuce. Jakuna da raƙuma kuwa ta gefe suke zagayewa abinsu, ba su ma san gwamnati ta ajiye mutum a wurin ba.

A wani ƙauyen Maguzawa aka haife shi, can bayan Malumfashi. Yana saurayi ya shiga mishan, aka yi masa baftisma, ya koyi boko daidai na karanta lambar mota, shi ya sa ya samu aikin a shekarar 1953. Matarsa Sarai da yara suna can gida suna noma, domin albashin ɗaga sanda bai kai ya riƙe iyali a gari ba.

Abokai dai ya yi. Akwai Maharazu mahauci, wanda rumfarsa ke kallon sandar, mutum ne mai faɗa da kowa, har da naman da yake sayarwa. Akwai Manu direba, mutumin Maraɗi, mai jigilar gyaɗa zuwa Kano. Sai Inna Hajo, tsohuwa mai sayar da tuwo. Tabarma ɗaya suke zama da shi, goro ɗaya suke fasawa. Lokacin da kurkunu ya kwantar da shi, Maharazu ne ya riƙa wanke masa ƙafa yana zaginsa da raki. Amma ba wanda ya taɓa sa hannu a akushinsa. Da ya buɗe ya ce su taɓa, kowa zai ce alhamdu lillahi, yanzun nan ya tashi daga ci. Babu garin da mutane ke ƙoshi da wuri kamar Jibiya in Shawulu ya buɗe akushi. Ita ma Inna Hajo kwanonsa daban ta ware, tana rataye shi a ƙusa. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, bai dai taɓa faɗa ba.

Kowace shekara gida yake zuwa Kirsimeti. A 1956 gyaɗa ta yi albarka, motoci suka yi jerin gwano a iyaka, aka ce ba hutu ga kowa sai kaka ta wuce. Ga shi ya yi wata da watanni yana kiwon taure don ya kai wa yara. Ya yi baƙin cikinsa ya gama, sannan ya ƙudura abu ɗaya: a nan zai yi bikin, kuma bana sai abokan nan sun ci abinci da shi a akushi guda.

Ya sami Maharazu a rumfa ya ce, "Sarkin Fawa, sallarmu ta matso. Nan za ni yin ta, kuma ina gayyatarku."

"Yaushe za a duban watan?"

"Ba a duban wata. Ranar tana nan rubuce."

"Azumi hwa?"

"Babu."

Maharazu ya jinjina kai. "Kun samu sauƙi. To, wa za shi yanka tauren?"

Shawulu ya riga ya wasa wuƙarsa, domin a gidansu maigida ne ke yanka. Ya kuma san in shi ya yanka, shi kaɗai zai ci. Nan ya tuna da ubansa. Shekarar da ya shiga mishan, tsohon ya yanka akuya a gindin tsamiya saboda iskokin gida, ya gasa hanta ya miƙo masa, shi kuwa ya ce ba ya ci. Tsohon ya daɗe da hannu a miƙe. Har ya mutu ba su sake cin abinci tare ba. Saboda haka Shawulu ya san mutum yana iya ƙin abincinka ba don ƙiyayya ba, ya kuma san yadda abin yake ga mai miƙowa. Ya ɗauko wuƙar ya ba Maharazu. Maharazu ya gwada ta a babban yatsa, ya ce wannan ko kabewa ba ta yankawa, zai zo da tasa.

Inna Hajo ta zo ta leƙa tukunyar Shawulu ta ce, "Ɗan nan, wagga ta yi ƙanƙanta." Tukunyar kuwa yaro zai iya wanka a ciki. Ta ce za ta kawo tata, kuma ita za ta dafa. Manu ya sauke shinkafa daga Maraɗi, ya ce shi ya san Nowel, haka ake kiran bikin a wajensu, ya ga yadda Faransawa ke yi, dole a kafa itace. Ya saro reshen bagaruwa ya kafa a ƙofar ɗaki. Kafin magariba tauren ya cinye ganyen tas.

Ranar bikin da safe Shawulu ya sa farar rigarsa, ya zaga bayan ɗaki ya karanta Littafi Mai Tsarki, ya yi waƙa shi kaɗai ƙasa-ƙasa, motoci suna katse shi. Yaran ne suka tsaya masa a rai. Da ya dawo Maharazu ya riga ya yi bisimilla ya yanka, ya feɗe, ya shiga rabo kamar na layya, don shi bai san wani rabon ba. Cinya ta tafi gidan mai unguwa, karfata ta tafi wurin akawu, maƙwabta kowa da kasonsa, wuya kuma na mai yanka ne. Shawulu yana tsaye a bakin sanda yana kallon taurensa yana shiga gari gunduwa-gunduwa.

Bayan azahar abinci ya nuna. Wuƙa ta Maharazu ce, shinkafa ta Manu, tukunya da girki na Inna Hajo. Ta jawo babban farantinta za ta zuba wa mazan, ga kuma kwanon nan na ƙusa ta taho da shi. Shawulu ya shiga ɗaki ya fito da akushinsa, ya ajiye a tsakiyar tabarma.

"Inna, nan za ki zuba. Duka."

Manu ya sami wani abin kallo a tayar motarsa. Inna Hajo ta tsaya da ludayi a hannu tana duban Maharazu.

Maharazu ya ɗauki akushin, ya juya shi, ya sansana kamar yana cinikin nama. "Mi anka taɓa ci cikinai?"

"Tuwo da miyar kuka," in ji Shawulu. "Ni ɗai."

Maharazu ya ce a miƙo masa buta. Ya wanke akushin da hannunsa, ya sake wankewa. Shawulu ya ji kunya har cikin ƙashinsa, ya haɗiye. Aka zuba. Shawulu ya rufe ido ya yi addu'a irin tasu, mai ɗan tsawo, har Manu ya tambaya a hankali ko barci ne ya ɗauke shi. Da ya buɗe ido, Maharazu ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya cusa hannu ya kai loma. Ya tauna ya ce gishiri bai ji ba. Manu ma ya sa hannu. Shawulu ya sa nasa, yatsunsa suka gogi na Maharazu a cikin shinkafar.

Sai ga mota tana oda a bakin iyaka. Bai taɓa jin daɗin odar mota kamar ranar ba. Ya tashi da sauri, ya danna gindin sanda, mota ta wuce. Ta yi nisa, ƙararta ta ɓace, shi kuwa yana nan ya ba su baya, sanda a sama, hawaye yana sauka a kan farar rigar.

"Kai, mai sanda!" Maharazu ya ɗaga murya. "Sauke abin ga ka taho. Haka kuka yi ga sallarku, ku bar baƙi da hannu a sama?"

Shawulu ya sauke sandar, ya goge fuska da hannun riga, ya dawo. Ya tarar tun tashinsa babu wanda ya ƙara loma. Suka matsa masa, ya zauna a tsakaninsu.