Ƙaramin Injin da Baba Ya Zaɓa Mini

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Haruna makanike, wanda mutanen Nuzla a nan Jidda suka fi sani da Baba Mai Kafris. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Bai bar mana gida ba, bai bar fili ba. Abin da ya bari mota ce guda ɗaya da inji biyu, ɗaya a cikinta, ɗayan a ƙarƙashin tamfol.

Motar, wato Kafris ɗin, tsohuwar motar 'yan sandan Amurka ce, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa bayan sun gama aikinsu a can. Fara ce, doguwa, mai faɗi kamar gado. Har yau in ka shafa rufinta za ka ji inda aka toshe ramukan fitilar jiniya. Ƙofofin bayanta ba sa buɗuwa daga ciki, don ba a yi su saboda baƙi masu daraja ba. Baba ya gyara ta dama, ya bar ta hagu yadda take, kuma yanzu a wannan gefen nake zaunar da 'yata.

Baba mutum ne da in ya fara zancen inji shayinsa kan huce a hannunsa. Daga bakinsa na ji cewa 'yan sandan can ba inji ɗaya ake ba su ba, zaɓa suke yi gwargwadon aikinsu. Akwai mai silinda shida, na masu zagaya cikin unguwa. Akwai mai takwas ƙarami, da ake kira ɗari uku da biyar. Sai babban, ɗari uku da hamsin, na masu bin mai laifi a babbar hanya. Tamu da babban ta zo, kuma duk warshar da Baba yake aiki, wato garejinsu, ba wanda bai zo ya leƙa shi ba.

Ni kuwa tun ina ƙarama matsoraciya ce. Ranar da ya fara ɗaukarmu a cikinta zuwa Makka, da muka fita gari ya ɗan taka totur, motar ta yi wani gurnani ta zabura, bayana ya manne da kujera. Yayana Sale yana ta ihun murna yana cewa a ƙara. Ni kuwa na damƙe abayar Umma. Na ɗaga kai na ga idon Baba a madubi yana kallona. Bai yi magana ba, sai dai daga nan har Harami bai sake wuce kowa ba.

Ba a daɗe ba ya tafi tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, ya samo ɗari uku da biyar daga wata motar 'yan sandan da ta mutu. Ya sauke babban ya ɗora ƙaramin. Abokan aikinsa suka yi ta yi masa tsiya, wai kowa daga ƙarami yake hawa babba, shi kaɗai ne ya sauko da ƙafarsa. Umma ta ce amsar da ya ba su ba ta wuce kalma huɗu ba: "'Yata ba ta so."

Amma bai taɓa sauran kayan 'yan sandan ba. Babban lagireto, da fanka, da abin sanyaya baƙin mai, duk ya bar su. Wata rana ina riƙe masa spana na tambaye shi dalili. Ya goge hannu ya ce, "Mutane suna zaton don gudu aka yi motar 'yan sanda. Yawancin rayuwarta a tsaye take, inji a kunne, tana jiran abin da zai faru. Irinki ce, Hajjo. Mai jira ba gudu yake buƙata ba, abin da zai hana shi ɗaukar zafi yake buƙata."

A lokacin na ɗauka zolayata yake yi. Ya rasu kafin a ba mata damar tuƙi a ƙasar nan, ya rasu kafin in yi aure. Bai ga Safiyya ba, 'yata mai shekara huɗu, wadda asma ke kama wa ƙirji duk sa'ad da zafi da ƙura suka haɗu. Babanta direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki ba ya gari. Wata ranar azahar numfashinta ya sarƙe, na tsaya da ita a bakin titi ina jiran motar haya ta waya, ina kallon ɗigon motar yana ta zagaye a allo bai iso ba. Allah Ya kiyaye, amma daga ranar na ce sai na koyi mota, ko da tsoro zai kashe ni.

Na koya, na sami lasin. Sababbin motocin nan ba su karɓe ni ba, da ka taɓa su sun yi tsalle. Motar Baba ce kaɗai take tashi a hankali, kamar raƙumi yana miƙewa, ta ba ni lokaci in yi bismilla in duba madubi sau biyu.

Yaya Sale shi ya gaji sana'ar. Da muka tashi daga Nuzla muka koma Mada'in Fahad, ya bar gadonsa na kwana da kabad a can, amma babban injin nan sai da ya ɗauko shi. Yanzu kuma tsofaffin motoci sun dawo da daraja, samari suna jera su a bakin teku suna buɗe bonet ana ɗaukar hoto. Watan jiya ya zo mini da fara'a ya ce ya farfaɗo da ɗari uku da hamsin, kuma yana so ya mayar da shi mazauninsa don tunawa da Baba. Ya ce wallahi haramun ne a bar mota irin wannan da rabin zuciya. Gaskiyarsa ce, motar gadonmu ce mu biyu, kuma shi ma ta hanyarsa yake kewar Baba. Ni dai na san in babban ya koma, ba zan ƙara taɓa sitiyarin nan ba, kuma ni da Safiyya mun koma bakin titi.

Ban iya gardama ba, ban taɓa iyawa ba. Sai kawai na roƙe shi ya raka mu asibiti ranar da aka ba Safiyya ta ganin likita, ni zan tuƙa.

Tun daga ƙofar gida ya fara. "Yalla ya Hajjo, taka mana, ga mai keke can ya wuce mu." Safiyya tana ta dariya a baya. Da muka isa, ɗakin jira ya cika, ga turaren mutane, abin da ƙirjinta ba ya so. Na karɓi lamba muka dawo mota kamar yadda na saba, na bar injin a kunne, na'urar sanyi tana busawa. Rana ta take tsaka, kwalta har wani ƙyalli take yi. Motar da ke gefenmu mai ita ya fito ya buɗe bonet, tururi yana tashi. Yaya ya kashe rediyo. Na ga yana kallon allurar zafi, yana jira ta motsa, ita kuwa tana nan inda take. Ya waiga ya ga Safiyya ta yi barci, numfashinta yana fita sumul. Sannan ya kalli hannuwana a kan sitiyari, waɗanda ya san su da rawa tun muna yara, ya ga yau ba sa rawa.

"Haka kike yi kullum?" ya ce.

Na ce duk ranar da aka ba mu.

Sai ya share fuska da gefen rigarsa ya ce, "Halas, shi ke nan, a bar ƙaramin. Babban zan nema masa wani bodi a tashlih."

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga Jidda ta yau, warsharsa babu ita, motoci duk sun koma na'ura mai ƙwaƙwalwa da ba a gane ciwonsu da kunne. Ina jin zai yi ƙorafi. Amma da zai ga matsoraciyarsa a bayan sitiyari, jikarsa a gefen ƙofar da ba ta buɗuwa, ina jin shiru zai yi, irin shirun da ya yi a madubi a hanyar Makka.

Tsoron bai bar ni ba, kuma Baba bai taɓa cewa in daina ba. Abin da ya yi shi ne ya rage wa mota ƙarfi har ta zo daidai da ni. Shekara tara, muryarsa ta fara ɓace mini, wani lokaci sai na tambayi Umma yadda yake dariya. Amma duk sa'ad da na murɗa makulli, ƙaramin injin nan ya tashi ya zauna yana jira tare da ni, nakan ji kamar ba a daɗe da rufe bonet ɗin ba.