Yadda Mai Baƙar Ɗamara Ya Shiga Fim

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gadin wani kanti, sai kawai aka wayi gari ya zama malamin kareti. Matarsa kaɗai ta san asalin baƙar ɗamarar, don ita ta rina ta a bahon wanki. Ya kama ɗaki a saman shagon mai faci, ya kafa madubi bango guda, ya tara magidanta goma sha biyu yana koya musu zama maza. A wurinsa namiji ba ya murmushi, ba ya ba da haƙuri, ba ya ɗaukar jariri. Amma in ƙadangare ya shigo ɗaki, sai ka ji shi daga bayan ƙofa: "Maman yara, zo ki ga wani abu."

Wata rana wata mai shirya fim ta hau benen, ta kalli darasi guda tana cije leɓe. Ta ce, "Malam, zan sa ka a fim, kuma ba sai ka haddace komai ba. Yi yadda ka saba."

Ya dawo gida hannuwa a buɗe kamar mai ƙurji a hammata.

Matar ta ce, "Baban yara, ka tambaye ta wane irin fim ne?"

"Me mace ta sani a fim ɗin maza?"

"Ai mace ce ke yin sa."

Ya yi kunnen uwar shegu.

Sati uku ana ɗauka. An ɗauke shi yana zazzaga wa wani ɗalibi mai furfura masifa don ya amsa wayar 'yarsa. An ɗauke shi ya sari katako sau huɗu bai ko tsage ba, ya juya baya yana hura hannu, ya manta da madubin.

Ranar nunawa shi da matarsa suka zauna a layin gaba. Tun fitowarsa ta farko mutane ke dariya har da riƙe ciki. Ita ta ja mayafi ta rufe fuska, shi kuwa ya sunkuyo ya raɗa mata, "Kin ji? Dariyar tsoro ce."

Ɗalibai bakwai suka daina zuwa, har da mai furfurar. Matar ta ɗauka Allah ya raba ta da kunya. Ashe akwai waɗanda suka kalli fim ɗin ba su ga abin dariya ba, suka zo layi-layi neman a maishe su maza.

Da mai fim ɗin ta haɗu da ita a bakin titi, ta ce, "Yaya, ki yafe ni, ban yi nufin tozarta gidanki ba."

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "Tozartawa? Ɗalibansa arba'in yanzu. Talla kika yi wa wawa."

Har yau yana can saman bene. Gwiwa ta ƙi, don haka a kan kujera yake koyarwa, yana nuna shuri da sanda.